Tsumma a Hancin Mota

Man fetur ya sake tasowa daga bakin tanki, ya wanke wa Idi mai famfo ƙafafu. Ya yi tsalle gefe yana tsaki.

"Baba Wakili, motar nan taka ta ƙi shan esans! Kullum sai mun ba ta kaɗan-kaɗan kamar mai jinya. Dubi layin da ke bayanka!"

Hapsatu na tsallaken titi gaban kaskon ƙosanta, tana ganin komai. Ta ga mijinta ya sauko a hankali, ya duƙa, ya kafa baki a wuyan tankin yana hurawa, ko abin da ya toshe zai wuce. Da ya ɗago idanunsa sun yi jawur, tari ya sarƙe shi har sai da ya dafa ƙofa. Tausayi ya kama ta, ta bar ƙosai ya ƙone.

Tun kafin yaƙin Turawa Wakili ke jan motocin Alhaji Hamadu, dillalin goro na unguwar New Bell a Duwala. Gemu ya yi fari fat, amma har gobe yaron Alhaji ake ce masa. Albashi kuwa babu. Ladansa tuwo, da rigar salla, da ɗakin katako a bayan gida. Tsotson mai da tiyo tun yana saurayi shi ya cinye masa ƙirji. Ga shi Alhaji ya faɗa a bainar jama'a, in akwalar nan ba ta gyaru ba, a sayar wa maƙera. Kowa kuma ya san in mota ta tafi, ɗakin direba ya bi ta.

* * *

Da la'asar ruwan Duwala ya kece kamar yadda ya saba. Wakili ya shimfiɗa buhu a rumfa, ya shige ƙarƙashin motar. Hapsatu ta tsuguna tana miƙa masa ƙarafa.

"Malam, ka bari ruwa ya ɗauke mana. Ƙasa da sanyi."

"Saura wuri guda. Kin ga, tanki ma numfashi yake yi. In mai zai shiga, dole iska ta fita. Na duba murfi, na zura waya a wuya, duk lafiya. Saura ɗan bututun da yake shaƙar iska da shi, nan bayan taya."

Ta san bututun nan sarai. Motar a gindin tagarsu take kwana, warin manta na shiga ɗaki yana tayar masa da tari. Farkon damina, yana masallaci, ta bi warin da hanci har ta gano ɗan ramin da yake fitowa. Ta yagi tsohon zaninta, ta cusa da tsinke, ta liƙe da sabulu. Tun ranar yake samun barci, ita kuwa har yaba wa dabararta take yi a zuci.

Ta buɗe baki ke nan waya ta fito da tsumma. Wakili ya mirgino waje, ya warware shi a tafin hannu. Duk da baƙin mai, zanen tsuntsayen bai ɓace ba. Shi ya saya mata zanin lokacin sunan 'yarsu ta fari.

"Malam, warin ne," ta ce. "Ba ka barci. Wallahi ban san..."

Ya dube ta. Sai ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, ta riƙe shi har ya lafa.

"Hapsatu ke nan. Kin toshe wa mota hanci don nawa ya huta." Ya linke tsumman ya sa a aljihu. "In an tambaya, zanzaro ne ya yi gini a ciki. Kin ji ko?"

Ta ɗaga kai, hawaye na zuba.

* * *

Washegari Alhaji da kansa ya zo gidan mai. Tanki ya sha ya ƙoshi, ko ɗigo bai dawo ba. Idi har da tafi.

"Bon, ashe motar lafiyarta lau," in ji Alhaji. "To Wakili, ka yi ƙoƙari. Kai ma sai ka huta, tarin nan naka yana damun abokan ciniki. Yaron nan nawa Bilya ya samu permi, takardar tuƙi, ga aurensa ya matso. Ka ba shi makullin mota da na ɗaki."

"To, Alhaji. Allah ya ƙara arziki."

Iyakar abin da ya ce ke nan. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta, kuma ba wanda ya ga laifi a wurin.

Alherin Alhaji na ƙarshe shi ne ya ce Bilya ya kai su unguwar Nkololoun, gidan ƙanin Hapsatu. Kayan ba su cika rabin motar ba. Suka matsu a gaba su uku, Wakili a bakin taga, hannuwansa a cinya bai san inda zai aje su ba. Amma duk kwanar da suka doso, Hapsatu na kallon ƙafarsa ta dama tana lalubo birki, tana taka ƙarfen da babu komai a kansa.