Fankar Jummai

A shekarar 1997 mijina Tobias ya ajiye tafireta ya sayi kwamfuta. Ba sabuwa ba ce. Wani ofishi a Kano ne ya gama yayinta, Malam Hambali mai gyaran kayan lantarki a Yelwa ya kawo ta Jalingo, Tobias kuma ya kafa mata tebur a falonmu na Sintali, inda yake buga wa mutane takardu.

Duk wanda ya shigo gidan, kafin in kawo masa ruwa ya riga ya sha bayani. Samfurin huɗu-takwas-shida ce, furosesarta, wato injin cikinta, na gudun megahaz sittin da shida, ƙwaƙwalwarta megabait takwas, rumbunta kuwa ko takardun ma'aikata guda aka zuba ba zai cika ba. Har fasto sai da ya saurari wannan karatu a tsaye. Ni dai na lura nauyin Jummai, 'yarmu mai wata bakwai, bai taɓa zama masa a ka haka ba.

Muna zaman lafiya da ita har watan Maris, lokacin da kogin Lamurde ke komawa yashi, kwanon rufi kuma ya riƙa ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Sai kwamfuta ta fara sandarewa. Tobias yana cikin bugu komai ya tsaya cik, dole ya kashe ya kunna, aikin da bai adana ba ya tafi.

Abu biyu ya yi. A gaban akwatin kwamfutar akwai wani maɓalli da ake kira turbo, da 'yar taga mai nuna 66 da koren haske. Ya danna shi, lamba ta koma 33. Ya ce haka yake yi wa babur ɗinsa, ba a matsa wa inji a cikin zafi. Na biyun shi ne ya shiga ɗaki ya ɗauko fanka.

Fanka ɗaya ce a gidan, gudummawar da matan zumuntar cocinmu suka ba ni ranar aurena, kuma a gefen gadon Jummai take tsaye. Da farko ya ce aro ne na awa ɗaya. Amma a kan 33 kwamfutar ta koma tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa. In zai buɗe katin biki mai furanni a gefe, sai in wanke shinkafa in ɗora kafin shafin ya gama fitowa. Aikin da yake ƙarewa da hantsi ya koma kaiwa har a ɗauke wuta. In babu wuta kuwa, ai babu fanka ga kowa.

Kurajen zafi suka fito wa Jummai a wuya, suka bi baya, suka shiga lanƙwasar hannu. Na yi hoda, na yi jiƙaƙƙen zane, na yi fifita da mafici har kafaɗata ta riƙe. Ba ta iya barcin rana, sai ta yi ta goga bayanta a tabarma tana kuka ƙasa-ƙasa.

Na yi wa Tobias magana. Ba mugun uba ba ne, ya ɗauke ta yana hura mata iska da baki, ya ce in furosesar nan ta ƙone to abincinmu ne ya ƙone. Na ce to a kira Malam Hambali ya duba cikinta. Nan ya ɗaure fuska.

"Maman Jummai, ba a taɓa buɗe ta ba. Inji in aka buɗe cikinsa, ba ya komawa yadda yake."

Haka yake faɗa a kan babur, haka ya faɗa a kan rediyonmu har ta mutu a rufe.

Ranar awo a asibiti, Sista Caroline ta ɗaga rigar Jummai, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko babu fanka ne a gidanmu. Na ce akwai, yayarta kwamfuta ce ke amfani da ita. Daga asibitin ban koma gida ba, na goya 'yata na wuce Yelwa.

Na tarar da Malam Hambali yana liƙin wata rediyo. Bayan gaisuwa na ce tambaya ɗaya ta kawo ni: mene ne yake zafi a cikin kwamfutar nan, kuma yaya girmansa? Ya yi dariya, ya buɗe wani gwangwanin madara, ya ɗora mini wani abu a tafin hannu. Falle ne mai kusurwa huɗu, bai fi akwatin ashana ba, ƙasansa cike da 'yan ƙafafu kamar allurai. Ya ce irin ta gidanmu ke nan. A 66 tana bukatar 'yar fankarta da ake maƙala mata a ka, ta kwamfutarmu ta mutu tun a hanya, kuma ya faɗa wa Oga Tobias ranar ciniki. Oga ya ji maganar zafi, amma da aka zo maganar kwance noti sai ya toshe kunne.

Na ce ya taimaka ya biyo ni. Ya dubi wuyan Jummai, ya sa sukundireba a aljihu.

Muka tarar an kawo wuta. Tobias na zaune yana jiran shafi ya buɗe, fanka tana kaɗawa a lamba ta ƙarshe, ta sa allon kallo a gaba har takardun kan tebur suna rawa. Akwatin kwamfutar kuwa yana ƙarƙashin tebur, manne da bango, an lulluɓe shi da zanena mai kyau don kada Jummai ta ja waya.

Malam Hambali ya tsaya ya ƙare wa tsarin kallo.

"Oga, wa kake yi wa fifita?"

Tobias ya dafa saman allon, ya ce ya taɓa ya ji yadda yake zafi.

"Wannan ai fuska ce kawai. Mai zazzaɓin yana ƙasa, ka kuma lulluɓe shi."

Ban yi dariya ba, saboda har yanzu fankar tana falo. Tobias ya fara jawabin injin da ba a taɓa buɗewa ba. Na kwance goyo, na zaunar da Jummai a kan teburin, na ɗaga rigarta na juya masa bayanta.

"Baban Jummai, ga ta ga akwatinka. In ba za a buɗe shi ba, mafici yana ɗaki, daga yau kai da shi."

Ya daɗe yana kallon kurajen. Sai ya durƙusa ya jawo akwatin da kansa, ya bar wa Malam Hambali, ya fita tsakar gida kamar wanda matarsa ke naƙuda. Malam Hambali ya kira shi ya nuna masa kawunan notin, duk sun cinye. Ya ce tun a Kano ta sha buɗewa, megabait takwas ɗin da ake karanta wa baƙi ma rabinsu shi ya saka da hannunsa.

Tobias ya leƙa ciki, ya ga furosesarsa a karon farko. Ya tambaya a hankali ko wannan ɗan abin ne sittin da shida ɗin. Aka share ƙura, aka maƙala 'yar fanka wadda ba ta kai murfin kofi ba, aka rufe, aka matsar da akwatin daga bango. Malam Hambali ya ce Oga ya danna turbo da kansa. Lamba ta koma 66. Katin bikin ya buɗe kafin in gama mayar wa Jummai riga. Suka zauna suna jiran ta sandare, rana ta yi ta duka, ba ta sandare ba.

Ni ban tsaya jiran sakamako ba. Na zare fankata na kai ta ɗaki, na shimfiɗa Jummai, kafin in ninke zanen goyo ta yi barci, baki buɗe. Cikin makon kurajen suka bushe.

Yanzu in baƙo ya zo, karatun ya ƙaru da aya ɗaya: tana da fankarta ta kanta, kuma shi Tobias ne ya ga ya dace a saka mata. Ranar Lahadi na ji shi a falo yana tambayar Malam Hambali labarin wata sabuwa, Fentiyom, wai tana haura megahaz ɗari. Malam Hambali ya ce ƙwarai, sai dai ta fi wannan zafi. Daga ɗaki na ce musu duk wadda za ta shigo gidan nan ta zo da fankarta.