Ƙotar da Baba Mamane Ya Sassaƙa

"Daina motsi mana, ɗan Kano! Ɗaga gwiwar hannu. Yauwa. To, kwantar da kumatu a kai."

Dalhatu ya kwantar da kuncinsa a kan itacen, amma idonsa na kan ƙofa. An sauko daga Juma'a, unguwar Al-Ud da ke Riyad ta yi tsit saboda zafin rana, shi kuwa ga shi tsaye a ɗakin maƙwabcinsa da ƙotar bindiga a kafaɗa, a garin da ko kallon banza ka yi wa ɗan sanda sai ya tambaye ka iƙama, takardar izinin zama.

"Baba Mamane, don girman Allah a tura ƙofar nan. Idan haris mai gadin benen nan ya leƙo fa?"

"Shi leƙo mana. Mi za shi gani? Itace ne."

Itace ne kam, amma ko makaho ya shafa ya san na mene ne.

Baba Mamane mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tasawa ta Nijar, ɗan gidan maƙera masu ƙera bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A gidansu, bindigar farko da ɗa zai riƙe, ubansa ke haɗa masa ita da hannunsa. Kafin ya taho Riyad aikin walda ya ƙera ƙarfen da kunamar, ya shafe su da mai, ya naɗe a tsumma, ya ba matarsa Balkissa ajiya. Ƙota kaɗai ya bari, domin ita da tsawon hannun mai ita ake auna ta, ɗansa Bachir kuwa a lokacin ko fartanya bai gama iya riƙewa ba. Ya ce ba zai daɗe ba. Wa ya taɓa zuwa ƙasar nan bai faɗi haka ba?

Shekaru suka ja. Wurin aikin ya rufe, kafili, wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya yi ɓatan dabo da fasfonsa, iƙama ta mutu, hayaƙin walda ya cinye masa ƙirji. Bachir ya zama cikakken saurayi, bana zai fita buɗin daji tare da maharba. Da tsohon ya ga ɗansa a wayar Dalhatu, sai ya ce kafaɗarsu ɗaya da mai wayar. Shi ke nan, Dalhatu direban gidan Larabawa ya koma ma'auni.

"Baba, ka bari ya sayi haɗaɗɗiya a kasuwa mana. Kai ka huta, shi ma ya huta."

Tari ya sarƙe tsohon, sai da ya dafa bango. Da ya lafa ya goge baki ya harare shi.

"Bindigar kasuwa silifas ɗin bakin masallaci ce, kowa ya zo ya zura ƙafa. Ɗana ba maraya ba ne."

Ya karɓe ƙotar ya ci gaba da gogawa da magagari, a hankali, yana yi yana hutawa. Wallahi magagarin bai taɓa zame masa ba.

Ranar Talata Dalhatu na wanke motar matar mai gidan da yake wa aiki a unguwar Suwaidi, sai ga kiran Bachir na bidiyo. Yaron na ta washe baki, ya ɗago wani abu ya cika fuskar wayar da shi. Bindiga ce sabuwa fil, har da ɗan jan tuntu a gindinta.

"Yaya Dalhatu, ka gani? Jiya na sawo a kasuwar Maraɗi. Na gaji da jira, abokaina duk sun yi tasu. Amma kar ka hwaɗa ma Baba."

"Ƙarfen da ya bar maka fa?"

"Wane ƙarfe? Tun ina ƙarami ɗaki ya yi yoyo, tsatsa ta cinye shi. Inna ta ba masu gwangwan. Tsoro ya hana ta hwaɗi."

Ruwa na zuba daga tiyo har ya jiƙa masa takalmi, Dalhatu bai sani ba. Ya ji haushin yaron ƙwarai, sannan ya rasa inda zai ajiye haushin. Yaro ya jira uban da ya sani a waya kawai, har yaushe? Ya koma gida ya ɓoye wa tsohon maganar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Daga nan jikin tsohon ya rikice. Asibiti ba ya zuwuwa ba takarda, sai ƙwayoyin kemis da zuma da habbatussauda. Ya daina sauka sallah. A kwance ya ƙarasa aikin, ƙotar a kan cikinsa, yana shafa mata man zaitun da yatsa har ta yi duhu tana ƙyalli.

Wata la'asar ya buga bango, Dalhatu ya shigo da gudu.

"Zauna. Ni dai na san ba ni ganin gida. Ga ta nan, ta ƙare. Ka kai ma Bachir, shi kai ma ƙanena shi ɗaura ƙarfen. Amana ce na ba ka."

Maganar ta zo wa Dalhatu har baki. Ya dubi ƙasusuwan wuyan tsohon, ya dubi garin katakon da ya maƙale masa a gemu, ya haɗiye ta.

"In sha Allahu, Baba."

"Ba in sha Allahun Larabawa ba."

"Zan kai."

Tsohon ya yi murmushi, ya juya fuska bango yana salati ƙasa-ƙasa. Kafin a kira magariba rai ya yi halinsa. Allah sarki, Baba Mamane!

Gawar ta daɗe a firij ana neman takardu. Ranar da aka sallame ta, mutum kaɗan ne suka samu izinin barin aiki. Aka rufe shi a bayan gari, cikin layin kaburbura marasa suna.

Washegari Dalhatu ya naɗe ƙotar a bargo ya nufi kasuwar Bataha, shagon Nu'uman mai aika kaya Nijar da Najeriya. Nu'uman ya buɗe gefe ɗaya, ya yi maza ya rufe kamar ya taɓa wuta.

"Kai, Dalhatu! So kake a rufe mini shago a kai ni tarhil, a kore ni ƙasar? Mamnu'u! An hana! Fita da ita tun wani bai gani ba."

"Itace ne fa, Alhaji."

"Je ka faɗa wa na'urar filin jirgi."

Ya bi masu komawa gida ɗaya bayan ɗaya, har da wani malami da ya yi wa mamacin wanka. Kowa ya ce Allah ya ji ƙansa, kowa ya janye hannu. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma bai ga laifinsu ba. Ya kira Bachir ya gaya masa zancen ƙotar, yaron ya yi kuka sosai, kukan gaske, sannan ya share hanci ya ce, "Yaya, bar shi nan. Mi zan yi da itace?"

Da ya dawo, haris na jiransa a bakin bene.

"Gobe mai gida zai zo da shurɗa, wato 'yan sanda, a buɗe ɗakin mamaci, za su duba na kusa ma. Duk abin da ba ka so a gani, yalla, fitar da shi yau."

Dalhatu ya shiga ɗakinsa ya kulle. Ya daɗe zaune da ƙotar a cinya. Yana da mata da 'ya'ya a Kano, da iƙamar nan suke ci. Ya ɗauko zarton tsohon, ya taka itacen da ƙafa, ya fara yanka. Itacen ya yi gardama, zarton na kuka, Dalhatu ma yana yi.

Ya fita da guntayen cikin ledar burodi, ya rarraba su a kwandunan shara na layi daban-daban, kada wani ya haɗa ya gane. Na ƙarshe ya jefa a kwandon da ke bayan shagon wani ɗan Yaman. Kyanwoyin da ke ciki suka watse, suka tsaya nesa suna kallonsa, da ya juya baya suka koma ɗaya bayan ɗaya.