Kiyashi a Tabarmar Kausara

Dela mace ce da ko inuwarta ba ta yarda da ita ba, balle maƙwabciya. A shekarar da ake ta raɗe-raɗin rushe unguwarsu ta Zango, jikarta Kausara ta fara ramewa, ga shan ruwa kamar raƙumi, ga fitsarin kwance da shekara tara a duniya. Nan take Dela ta yanke hukunci: kurwar yarinyar aka kama. Ta ma san mai kamun. Salamata ce, Bamosiyar nan, 'yar ƙabilar Mosi, mai sayar da bisap, wato zoɓo, a bakin layi, wadda kullum sai ta bi yarinyar da ido tana tambayar jikinta. Ina ruwan biri da gada?

Ta hana Kausara bi ta ƙofar matar. Ta karɓo rubutu tana haɗa mata da zuma safe da yamma. Yarinya sai ƙara lalacewa take yi, tsoro ya cika tsohuwa.

Wata Talata ta fito ɗauko tabarmar Kausara da ta shanya a katanga, sai ga Salamata tsugune a gindinta.

"Yau dubunki ta cika! Me kike binnewa?"

Salamata ba ta tashi ba. Ta nuna jerin kiyashi suna hawa daidai inda fitsarin ya jiƙa.

"Yaaba, kakarmu, duba. Kiyashi ba ya bin fitsari sai da sukari a ciki. Diyabet ne, ciwon sukari. Me kike ba ta?"

"Zuma," in ji Dela, murya ta yi ƙasa. "Ai wannan ciwon alhazai ne masu tumbi."

"Akwai na yara, kuma ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Jikin ne ke kasa sarrafa sukari, sai da allura kullum. Bar zumar nan, mu kai ta dispanser, asibitin unguwa, yanzu. Ga mobilet ɗina, mu hau."

Dela ta ƙanƙance ido. Wannan ma ai yana iya zama tarko.

"Ke da ba lokotoro ba, ba malamar asibiti ba, a ina kika san duk wannan?"

"A bakin lokotoro, ranar da na kai ɗana Boukari. Ya ce na makara." Ta miƙe tana kaɗe zane. "Ni ma maƙwabciyata na tsaya zargi, har ya cika."

Shekara da shekaru suna layi ɗaya, Dela ba ta taɓa sanin matar nan ta haihu ba. Kunya ta rufe ta. Ta shige da gudu ta goyo Kausara, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.