Makirufo Na Uku

Kassimu ya buga guntun rodi cikin ƙasa har ya nutse rabi, ya ɗaura masa koriyar waya, sannan ya tsiyaya masa ruwan buta. In ba a yi haka ba makirufo yakan ja mutum a leɓe, kuma yau ba ranar da za a bar wuta ta ja babban baƙo ba ce.

Da hantsi Kassimu ya iso daga Sabon Birni, shi da kayan sauti a bayan a-kori-kura. A wannan fili na bakin garin Isa aka tsugunar da mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa, kuma yau wani attajiri zai zo daga birni ya duba su. Kassimu ya ja wuta daga janareta zuwa sitabilaiza, daga nan zuwa miksa, faffaɗan akwatin nan mai layi goma sha shida da kowace murya sai ta bi ta cikinsa kafin ta fita. Layi na ɗaya na baƙo. Na biyu na sanƙira. Na uku ya ja masa doguwar waya har can tsallaken fili, inda 'yan gudun hijira za su zauna a rana, ya ajiye ƙaramar lasifika a gabansa.

"Injiniya!"

Alhaji Attahiru ne, mai shirya taron. Shi ne kuma mai kayan sautin gaba ɗaya, tun daga miksar har filogi. Shekara shida ke nan Kassimu yana ci da iyalinsa a gindinsu.

"Wane layi ka ba mutanen can?"

"Na uku, Alhaji."

"To ba ni son shi cikin manyan lasifiku."

"In kashe shi ke nan?"

"Kai wane irin mutum ne? Ran da anka kashe ma wani tsoho makirufo a Sabon Birni ba ka ga yadda wuri ya yamutse ba? Kada ka kashe. Tura shi ƙaramar nan ta gabanta, ka cika mata ƙara. Ta ji kanta, ta huce, mu tashi lahiya."

Aikin bai kai na minti ɗaya ba. Kowane layi yana da ɗan maɓallin da ke tura shi manyan lasifiku. Kassimu ya danna na ukun ya ɗago, ya murɗa na ƙaramar lasifika har ƙarshe. Sai da ya gama ya tuna Alhaji ya ce "ta".

* * *

"Mai sunan Baba! Ashe kai anka ɗauko?"

Ya ɗago kai. Gwaggo Habi ce, yayar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Wata huɗu ke nan da ta baro ƙauyensu na bayan Turba da zane ɗaya a jikinta. Ya yi ya yi ta koma gidansa, ta ce ba ta barin jikokinta da maƙwabtanta.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

"Ni sunka zaɓa in yi magana," ta ce. "Wai ni ce ba ni da kunya."

"Mi za ki ce, Gwaggo?"

"Gaskiya mana. Hatsin da attajirin nan ya aiko watan jiya, a gabanmu anka sauke shi. Anka jera mu, anka ɗauki hoto, anka mai da shi mota. Ko tiya ba mu gani ba. Shi bai sani ba, na tabbata. In ya ji, ai sai ya tambayi wanda ya ba rabon." Ta leƙa miksar. "Wannan abu mai ido kamar na fara, shi ka kai magana?"

"Shi ne."

"To ka buɗe mani shi da kyau. Kwana uku ina bitar maganar nan, har jikata Halimat na cewa na fara taɓuwa."

Ta tafi tana dariya. Kassimu ya bi ta da kallo. Kowa a Isa ya san Alhaji Attahiru aka ba rabon.

* * *

Baƙo ya iso bayan azahar. Aka zaunar da shi a rumfa, janareta na ruri a bayansa. Sanƙira ya yi kirari, aka yi jawabai, layi na ɗaya da na biyu suna fita tas. Alhaji Attahiru ya zo ya tsaya a bayan Kassimu, har ƙamshin turarensa na shigar masa hanci.

Aka kira wakiliyar 'yan gudun hijira.

Gwaggo Habi ta kama makirufo da hannu biyu. Da ta yi sallama, muryarta ta dawo mata daga ƙaramar lasifika da ƙarfin da ya sa ta ja da baya, sannan ta gyara tsayuwa. Matan da ke kusa da ita suka yi tsit. A abin kunnensa Kassimu yana jin komai: ranar da aka sauke buhunan, launin motar, yaran da aka binne tun daga lokacin, kowanne da sunansa. A rumfa kuwa ba a ganin komai sai wata tsohuwa can nesa tana ɗaga hannu. Baƙon ya karkata kai, ya saurara, ya koma ga wayarsa.

Ɗan yatsan Kassimu yana kan maɓallin. Ya tuna matarsa Radiyya da cikinta wata takwas. Ya tuna bayan Gwaggo, da warin hayaƙin da zanenta yake yi sa'ad da yake yaro.

"Madalla, Injiniya," Alhaji ya ce a hankali.

Can wani ya yafito Alhaji daga rumfa. Ya taka ya tafi. Taku biyar, goma. Kassimu ya ja numfashi, ya danna.

Muryar Gwaggo ta fashe a filin gaba ɗaya, har tsuntsaye suka tashi daga kan darbejiya.

"... shi ke nan abin da ag gare ni. Mun gode. Allah shi saka da alheri."

Rumfa ta ɗauki tafi. Baƙon ya miƙe yana murmushi, ya ɗaga mata hannu. Sanƙira ya cafke: "Kun dai ji da kunnenku! Uwa ta yi godiya!"

* * *

La'asar sakaliya fili ya watse. Kassimu ya kashe amfilifaya, ya kashe miksa, ya fara naɗe doguwar wayar a gwiwar hannunsa, yana bin ta har inda ta ƙare. A can ya tarar da Gwaggo Habi zaune a kan dutse, fuskarta a sake.

"Ka ji ni kuwa? Kamar tsawa! Ni kaina sai da na tsorata." Ta kama gefen rigarsa. "Baƙon har miƙewa ya yi. Ka gani?"

"Na gani, Gwaggo."

"Na ce ma Halimat ta wanke buhunan nan biyu ta shanya. Ka san in abu ya zo, wanda bai da mazubi shi ka kwana baya."

Ya duba inda ta nuna. Buhuna biyu ne a kan igiya, ruwa na ɗiga daga gindinsu.