Agogon Gidan Ladan

Raliya ba ta ƙarasa "ina kwana" ba Likita Ezekiel ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa.

"Maradun ta yi shiru, Injiniya. Tun jiya da yamma ko saƙo ɗaya babu."

Tun da aka katse layukan waya a Zamfara, wayar hannu ta koma fitila. Asibitin Manoman Gulbi kuwa likita ɗaya gare shi, yana zaune a Talata Mafara, sai ƙananan rassa biyu a Bakura da Maradun. Abin da ya haɗa su shi ne eriyoyin da Raliya ta kafa a kan tankunan ruwa, da wata babbar kwamfuta da suke kira saba, wadda ke ajiye bayanan marasa lafiya, take kuma tantance duk ma'aikacin da zai shiga. Nas ta auna ta rubuta, likita ya karanta ya ba da umarni.

A reshen Maradun kuma akwai Hanifa, yayar Raliya uwa ɗaya uba ɗaya, kwance da tsohon ciki da hawan jini. Safe da yamma Sista Rhoda, nas ɗin reshen, ke aiko da awon jininta.

"A tura mota kawai, Likita."

"Man da ke cikinta na tafiya ɗaya ne. In na ƙona shi na tarar lafiyarta lau, gobe wata ta kusa mutuwa a Bakura, da me zan ɗauko ta? Ki kawo mini awon. Kuma kafin La'asar. Bayan nan direba Jatau ba zai hau hanyar Maradun ba saboda 'yan bindiga, ni ma ba zan ce ya hau ba."

"Za ka samu," in ji Raliya. Ta saɓa jakarta.

Gida ta nufa, domin tun jiya sabar tana can. An hana sayar da fetur a jarka, janareton asibiti ya kwanta, ita kuwa tana da sola a rufin gidansu. Shi ne ta kinkimo sabar ta girke ta a ɗakin Inna, wanda ya fi ko'ina sanyi. Ta sauke jeren kwanukan da ke kan kantar ɗakin, ta ɗora sabar a hawan sama, ƙaramar kwamfutar da ke kwafar bayanai a na tsakiya, batura a ƙasa, ta ɗaure kowace waya da tsumma mai launi daban. Da ta kunna, sabar ta manta lokaci saboda ɗan batirin cikinta ya tsufa. Raliya ta ɗaga kai ta dubi agogon bango ta shigar mata, ta gwada daga ofishin Mafara, komai ya buɗe.

Yanzu ma komai lafiya. Fitilu kore sai ƙiftawa suke.

"Wanga abu naki bai barci ne?" Inna ta tambaya daga bakin ƙofa. "Ya kore min kwanuka, ya kuma kwana yana gurnani awa tsohon rago."

"Haƙuri, Inna."

"Mi aka ce game da Hanifa?"

"Yanzu zan jiyo miki."

Ba ta yarda sun haɗa ido ba. A zaure ta yi kiciɓis da Baba, Malam Balarabe ladan, da butarsa a hannu tun rana ba ta yi tsaka ba. Ta durƙusa ta gaishe shi ta wuce.

Ta koma asibiti ta tattare zane ta hau tsanin tanki. Eriyar na nan tana kallon Maradun, iska ba ta karkata ta ba. Ta sauko ta duba: na'urar Maradun na amsa sallama, ta Bakura ma haka. Hanya a buɗe take, mutane ne ba su shigowa.

Tana tsaye tana cizon yatsa wani direban motar albasa ya leƙo.

"Wace ce Injiniya? Muttaka mai ba da magani na Bakura ya ce in gaya miki, in korarsu kika yi daga aiki ki faɗa musu baki da baki."

To, ba Maradun kaɗai ba ce. Kuma Bakura ta fi saukin zuwa.

"Yaushe za ka koma?"

"Na sauke kaya, yanzun ga."

"Mu je."

Ta zauna gaba, ƙaurin albasa na sa ta hawaye. Shingen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya, a sauka, a buɗe but, a hau. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, ita kuwa inuwar itatuwa take kallo, tana ganin yadda take tsukewa.

Muttaka ya tarbe ta a baranda, rediyonsa rataye a kafaɗa.

"Maraba da mai ƙofa! Kin sauka lafiya? Ya hanya? Ya mutanen Mafara? Ya su Baba?"

"Lafiya lau, Malam Muttaka. Ina kwamfutar?"

"Ko ruwa ba ki sha ba? Ga ta can. Na sa kalmar sirrina ta ce ban san kaina ba. Na sa da Bisimilla, na sa babu Bisimilla, duk ɗaya."

Raliya ta zauna ta shigar da sunanta, sunan da ke buɗe kowace ƙofa a asibitin. Kwamfutar ta yi jim, ta ƙi.

"Alhamdu lillahi," in ji Muttaka. "Yau mai kaza ma ta rasa ƙwai."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ta ƙaramin asusun da ke cikin kwamfutar kanta, wanda ba ya bukatar izinin saba, ta buɗe wurin da na'urar ke ajiye dalilin kowace ƙiyawa. Magana ɗaya ce ke ta maimaituwa tun jiya da yamma: lokaci ya saɓa.

Ta san wannan. Saba ba ta karɓar kalmar sirri daga kwamfutar da agogonta ya yi nisa da nata, don tana zaton ɓarawo ne ya tsinci tsohuwar sallama ya zo yana maimaitawa. Kwamfutocin Mafara daga sabar suke ɗaukar lokaci. Na rassa kuwa, tun da intanet ya ɗauke, kowace da agogonta take tafiya.

"Agogonku ya yi baya."

"Wa? Ni?" Muttaka ya dafe ƙirji. "Ki zagi gemuna, kada ki zagi agogona. Da rediyo nake saita shi. Tsaya ki gani."

Ya murɗa rediyon. Suka zuba wa kusurwar allon ido. Lambar na juyawa zuwa ƙarfe ɗaya, kiɗan buɗe labarai ya tashi, kamar tare aka ɗaure su.

"To?"

Raliya ta shiga lissafi. In Bakura daidai take, kuma Maradun ta faɗi tare da ita a yammaci guda, to sabar ce ta kauce. Ta tuna jiya, ta tuna ɗaga kanta zuwa bango. Ta tuna Baba da buta tun rana ba ta yi tsaka ba.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Agogon gidanmu."

"Me ya same shi?"

"Gidan ladan ne, Malam Muttaka. Tun ina goye agogonmu ke gaba da na gari. Baba yana ƙara masa minti goma, wai na alwala."

Muttaka ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskarta, ya rufe.

"Sai ki koma ki gyara."

"Da waɗannan shingayen? In na samu mota ma, La'asar ta riske ni a hanya." Ta gyara zama. "Tunda sabar ba ta san lokacin gari ba, bari mu je mata a lokacin gidanmu."

Ta tura agogon Bakura gaba da minti goma, ta sa sunanta. Ya ƙi.

Ta sake a hankali, harafi bayan harafi. Ya ƙi.

Ko ba a nan matsalar take ba? Ta rufe ido tana ganin ɗakin Inna, da kantar, da agogon mai hoton masallaci. Sai ta ga Inna tsaye kan turmi, ranar wata Juma'a, ta sa yatsa tana tura dogon hannun agogon, tana cewa, "Kada ki gaya mai. Ya san da goman shi, shi ya sa yake jan ƙafa. Wagga tawa ce."

"Inna ma ta ƙara nata!"

"Nawa?"

"Allah kaɗai ya sani."

"Kai, wannan gida! Ku kun riga mu shiga gobe."

Ta dinga tura agogon kaɗan kaɗan, tana gwadawa. Ya ƙi. Ta ƙara, ya ƙi. Daga masallacin kasuwa aka ɗaga kiran Azahar. Muttaka ya ajiye rediyo ya tsaya a bayanta, ya daina zolaya. Ta ƙara turawa, ta danna.

Allon ya buɗe.

"Allahu Akbar!" Muttaka ya buga tebur.

Raliya ta shiga sabar da ke can ɗakin Inna. Ta fara da asusun Sista Rhoda, ta tarar ya kulle kansa saboda yawan gwaji. Baiwar Allah ta yi ta bugun ƙofa tun jiya. Raliya ta buɗe shi. Sannan ta mayar da agogon sabar baya zuwa lokacin rediyo. Nan take sabar ta koro ta waje, kamar yadda ta zata. Ta dawo da agogon Bakura daidai, ta sake shiga.

Saura abu ɗaya da ba ya hannunta. Babu yadda za ta gaya wa Rhoda ta sake gwadawa.

"In ta gaji ta haƙura fa?" in ji Muttaka.

"Ba ka san Rhoda ba."

Ta yi alwala ta yi salla a gefen teburin, tana sallamewa ta juya ga allon. Babu komai. Ta rubuta wa Likita cewa ƙofa ta buɗe, ya zauna kusa. Inuwa ta fara miƙewa gabas. Muttaka ya kawo mata fura, ba ta taɓa ba.

Sai sunan ya haska: Rhoda, Maradun.

Saƙon ya zo babu gaisuwa. Jinin Hanifa ya hau fiye da na kullum, kanta na sarawa tun safe, tana ganin walƙiya a idonta.

Amsar Likita ta biyo baya kafin Raliya ta gama karantawa. Ya faɗi allurar da za a yi mata yanzu yanzu, da yadda za a kwantar da ita. Ya ƙara da cewa Jatau ya riga ya tayar da mota.

Raliya ta kifa kai a kan teburin. Muttaka ya tura mata kwanon furar.

"Sha, Injiniya. Kuma in kin je ki gaida min Inna, ki ce asibiti biyu ta tsayar da yatsa ɗaya."

Rana na shirin faɗuwa ta iso Mafara. Motar asibiti na tsakar fili, taɓo har gilashi, Jatau na zuba mata ruwa. A cikin asibitin ta tarar da Hanifa kwance da ƙarin ruwa a hannu, Inna na riƙe da ɗayan.

"Jinin ya fara sauka," in ji Likita. "Da ta ƙara kwana a can, da wani zancen muke yi. Gobe da safe za mu ciro yaron."

Hanifa ta buɗe ido da ƙyar. "Auta, an ce ke kika ɓata, ke kika gyara."

"Ba ni kaɗai ba ce, Yaya," in ji Raliya, tana kallon Inna.

Inna ta kau da kai tana gyara lulluɓi.

Daga nan Raliya ta biya kasuwa ta sayi sabon batirin saba da ƙaramin rediyo. A gida ta sa batirin, ta ajiye rediyon a kan kantar kusa da sabar. Sannan ta jawo turmi ta hau, ta miƙa hannu ga agogon bango.

"Ke! Mi za ki yi mai?" Baba ne a bakin ƙofa, da butarsa.

"Ba gyara shi zan yi ba, Baba. Zaure zan mayar maka da shi."

Ta sauko da agogon a ƙirjinta, ta wuce shi ta fita.