Layin Ƙarshe na Baba Jema

"Ka dasa layin ƙarshen?" in ji Baba Jema, ko gaisuwar Tela bai gama amsawa ba.

Tela ya tsuguna a gefen katifar. Ɗakin na warin man zafi, ga takalman robar tsohon a bayan ƙofa, jar ƙasa ta bushe a jikinsu tun ranar da ya sauko daga tudu yana tari, wata guda ke nan.

"Na dasa, Baba."

Ƙarya ce, ta kuma fito masa sumul, irin wadda yake yi wa masu ɗinki in sun zo karɓar kaya. Damman ciyawar jemar da zai dasa suna can bayan shagonsa a cikin bokiti.

Tudun nan ba asalin tudu ba ne. Ƙasa ce da kamfanin haƙar ma'adinai ya yi shekaru yana tonowa yana jibgewa a bayan unguwa. Da suka tashi tafiya sai suka baje ta da katafila, suka watsa irin ciyawa, suka ɗauki hoto, suka kama gabansu. Ruwan farko ya wanko irin har cikin kwatar mutane. Baba Jema kuwa shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa musu motar juye ƙasa, don haka abin ya tsaya masa a rai.

"Ni na tara ta, ni zan ɗaure ta," haka yake cewa.

Da jema yake ɗaurin, ciyawar nan mai doguwar saiwa, har sunanta ya bi shi. A gicciye yake dasa ta, layi-layi, kuma dole layin ya tafi daidai, in ya karkata ruwa ya sami hanya. Ma'auninsa wani farin tiyo ne da yake cikawa da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunan, inda ruwan ya tsaya daidai a kafa turke. Tela, da yake katangarsu ɗaya, shi ne mai riƙe ɗaya bakin, yana riƙewa yana tsiya.

"Baba, mutane na noma abin ci, kai kana noma abin shara."

"Riƙe da kyau dai, sarkin alkawari. Ɗaga kaɗan."

Shekara huɗu suka yi a haka, layi goma sha ɗaya. Saura na can ƙasa, wanda ke saman ɗakin Inna, matar tsohon. Da ciwo ya kwantar da shi, Tela da bakinsa ya ce a bar masa. Yana nufin yi har ga Allah. Sai dai ɗinki ya yi yawa, ga shi sai an nemi mai riƙe tiyo, kullum sai ya ce gobe. Goben tela kuwa kowa ya san tsawonta.

"Madalla," tsohon ya ce, ya lumshe ido. "To ruwa ya zo in ya ga dama. Innarku za ta yi barci."

Inna tana bakin ƙofa da kofin shayi a hannu. Ta shigo ta ajiye shi kusa da katifar.

Tela ya fita da niyyar gobe da asuba zai hau tudun. Asubar ta wuce bai hau ba, da hantsi Baba Jema ya cika. Aka kai shi, aka shiga karɓar gaisuwa, Tela ne ma mai shimfiɗa tabarmi, kwanaki suka tafi.

Ruwan ya sauko rana ta shida da rasuwar, da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Daga ƙofar shago Tela yana kallon tudun. Layukan tsohon sun tsaya kyam, kowanne ya tare ƙasarsa. Can ƙasa, inda babu komai, ruwan ya tattaru ya yanka rami, jar laka ta gangaro ta doki bayan ɗakin Inna. Ya ji faɗuwar bangon har cikin haƙoransa.

Ya iske Inna tsaye a madafa, lafiyarta ƙalau. Ɗakin ne babu. Katifar da tsohon ya rasu a kai tana ƙarƙashin laka, takalmin roba ɗaya ya leƙo. Kunya ta kama Tela, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Inna, ban dasa ba."

"Na sani, ɗan nan. A bayan ɗakin nake shanya, kullum ina ganin wurin."

"Me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

"In faɗa masa ya tafi da me?" Ta gyara ɗankwalinta. "Da ka ce ba ka da mai riƙe maka, ai ina da hannu."

Washegari ya zazzage bokitin. Yawancin jemar ta ruɓe, ya tsinci masu sauran kore, ba su fi rabin dami ba. Inna ta ciro tiyon daga ƙusar da yake rataye a zaure, suka cika shi a famfo, suka hau.

Ta tsaya inda Tela yake tsayawa a da, shi kuma ya tsaya a wurin tsohon. Ruwan da ke cikin tiyon ya yi ta rawa. Inna ta jira, ba ta ce masa ya yi sauri ba, har ruwan ya kwanta.