Duwatsun da Ban Fasa Ba

Ranar Juma'a ce, na dawo daga masallaci na ci abinci, ina kishingiɗe a falo sai matata Mastura ta miƙo mini wayarta.

"Abu Thamer, ga 'yarka ta aiko da sabon ciwon kai. Ta ce a sa maka a kunnen da ke aiki."

Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina aikin ƙarfe a wata warsha a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun garinmu, kuma ni ke kula da injinan washi, waɗanda a nan muke kira jalakh. Dutse ne mai faɗi kamar faranti, a ɗaura shi a jikin inji yana juyawa sau dubu uku a minti, a riƙa goga masa ƙarfe. Da wannan aikin na ciyar da 'ya'yana biyu, Thamer da Nuha, ina fatan su sami aikin ofis mai sanyi da shiru. Sun samu kuwa, amma ƙarar da nake gudar musu ita suka bi.

Shekara takwas da suka wuce Thamer ya zo ɗaukata daga aiki, na fito na same shi tsaye gaban injin yankan faranti, ya ɗaga waya yana naɗar ƙarar. Ya kai wa ƙanwarsa Nuha, ita kuma ta zauna da kwamfuta ta yayyanka ƙarar ta jera ta. Suka jawo abokinsa Mazen, suka ce sun kafa ƙungiyar kiɗa, sunanta Wardiyya, wato yadda muke kiran zagayen aiki a masana'anta. Ranar da suka fara sa mana abin da suka haɗa, Mastura ta tashi ta kashe na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗauka ita ce ta lalace. Mutum ɗari biyu suka saurara a intanet, rabinsu dangi ne, kuma wasu sun kira suna tambaya ko lafiya.

Daga nan suka gaji da waya, suka koma dukan ƙarfe da hannunsu. Kwanon rufi, sarƙa, sifirin na tsohuwar mota, duk abin da ake zubarwa a bayan warsharmu. Mai warshar ya ce su kwasa, sun rage masa shara. A faifansu na biyu har daka suka sa, don Nuha ta je ta zaunar da kakarsu Inno gaban turmi ta naɗi sautin taɓarya. Da aka fara barin kiɗa a bainar jama'a a ƙasar nan, aka gayyace su wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar garinmu. Na je na tsaya a baya. Mutane sun fi ɗari, sun rufe ido suna jijjiga kai, ni kuwa wayoyin wuta da ke yashe a ƙasa nake ƙirgawa. Bayan haka suka je Riyad, suka kuma fita waje sau ɗaya. A bara Nuha ta ce kwamfuta ƙarya take yi, ita inji mai rai take so a gaban mutane. Suka kama hayar wani ƙaramin sito a ƙarshen Madinar Masana'antu suka cika shi da tsofaffin injina. Na kasa hana su, sai na saya musu tabarau da safar hannu da abin toshe kunne, na riƙa addu'a.

Na karɓi wayar na kara a kunnen dama. Saƙon murya ne daga Nuha, da Hausarta mai gauraye da Larabci.

"Baba, isma'a, saurara. Thamer ya samo duwatsu bakwai a sharar warsharku. Ji muryarsu, ba irin na sababbi ba ce."

Sai na ji ana ƙwanƙwasa dutse. Bai yi amo ba. Ya ce tuf, kamar an buga tulu mai tsaga. Aka buga na biyu, shi ma haka. Na tashi zaune.

"Yau bayan la'asar za mu ɗora su a inji mu naɗa. Ni zan riƙe ƙarfen. Ka yi mana addu'a."

Mastura ta ce fuskata ta canja a lokacin.

Wanda ya koya mini aiki, Kawu Rilwanu, Allah ya jiƙansa, ƙa'ida ɗaya ya fara dasa mini. Kafin ka ɗaura dutse, ka rataye shi a yatsa ka buga da ƙotar sukundireba. In ya yi amo mai tsawo, lafiyayye ne. In ya ce tuf, akwai tsaga a cikinsa wadda ido ba ya gani, kuma in ya ɗauki gudu zai tarwatse. Irin wannan dutsen ba a jefar da shi yadda yake, nan take ake fasa shi da guduma, don kada wani ya tsinta ya ɗauka na kirki ne. Na taɓa ganin abin da gutsuren dutse ya yi wa wani mutumin Yaman a warshar da ke kusa da tamu. Ya rayu, amma matarsa ba ta gane shi ba a asibiti.

Duwatsun nan bakwai ni na gwada su makonni uku da suka wuce. Kwalinsu ne ya faɗo daga mota, duk bakwai ɗin suka ce tuf. Kafaɗata na ciwo a ranar, na ce gobe zan fasa su, na ja musu layi da alli na ajiye a bayan warsha. Goben ta zo da wani aikin, na manta.

Na kira Nuha, wayarta a kashe. Na kira Thamer, haka. Mazen ma haka. Sai na tuna al'adarsu, in za su naɗi sauti sukan kashe wayoyi su zuba a kwali, wai suna shiga makirufo. Na duba agogo, saura minti goma a kira la'asar.

"Me ya faru ne?" in ji Mastura. "Ka sa takalmi ƙafa ɗaya naka, ɗaya nawa."

"Ki ci gaba da kiransu. Duk wanda ya ɗauka, ki ce kada a kunna inji."

"Abu Thamer, yaran nan kullum cikin inji suke."

"Ki kira dai, Mastura."

Daga unguwarmu Madain Fahd zuwa siton bai fi minti ashirin ba, amma kowace danja sai da ta tsayar da ni. Ina ta lissafi a raina. Za su yi salla tukuna, Thamer ba ya wasa da salla. Za su gyara makirufo, wannan kan ɗauke su lokaci. Sai wata zuciyar ta ce mini Nuha ba ta da haƙuri, tun safe ta gama shirya komai. Na san yadda take tsayawa in tana aiki, takan sunkuyo da fuska dab da abin, kamar mai saka zare a allura. Na ji ladanai na kira ina kan gada, ban tsaya ba. Allah ya yafe mini, ranar a makare na yi la'asar.

Unguwar masana'antu ran Juma'a ba kowa, sai kuliyoyi da manyan motoci a fake. Motar Thamer na ƙofar siton. Tun kafin in kashe tawa na ji ƙugin inji ta cikin bango, kuma na san wannan ƙugin, jalakh ne ya ɗauki cikakken gudu.

Ƙofar ƙarfe ce, a kulle ta ciki, sun lulluɓe bayanta da katifu don kada ƙarar waje ta shiga. Na buga da hannu, na buga da ƙafa, na kira sunayensu har murya ta dushe. Ba wanda zai ji ni, don abin toshe kunnen da na saya musu mai kyau ne, ni na zaɓa da kaina. Sai na ji sautin ya canja, ya zama kuka mai tsinkewa yana dawowa. An ɗora ƙarfe a kan dutsen.

Na zaga bayan ginin da gudu. Akwatin wuta na jikin bango, da ƙaramin kwaɗo. Na ɗauki wani guntun rodi na ɓalle shi, na ja babban makunnin ƙasa. Ƙugin ya fara sauka a hankali. Dutse ba ya tsayawa nan take, kuma a wannan saukar ma yana iya fashewa. Na jingina da bango ina sauraro da kunnena ɗaya har ya yi shiru.

Thamer ne ya buɗe ƙofa, ransa a ɓace, yana shirin zagin kamfanin wuta. Da ya gan ni ya yi turus.

"Baba? Esh fi, me ya faru? Mama lafiya?"

Na ture shi na shiga. Nuha na tsaye gaban injin da rodi a hannu, tabarau a goshi maimakon a ido. Sun cire murfin kariyar da ke kewaye dutsen, sun sa makirufo a wurinsa. Tana tsaye daidai saitinsa, tsakanin fuskarta da dutsen bai kai kamu biyu ba. Na kama kafaɗunta na juya ta ina dubawa, ban ga jini ba. Na zauna a kan wani duro.

"Baba, ka ɓata mana ɗauka mafi kyau," in ji ta. "Minti huɗu muka yi, wallahi kamar dutsen na magana."

"Sannu da zuwa, Ammi Othman," in ji Mazen daga bayan na'urorinsa, haka yake kirana, wato Baffa Othman. "In kana son shiga ƙungiya ai sai ka faɗa, ba sai ka fasa mana akwati ba."

Ban yi dariya ba. Na ce Thamer ya kwance dutsen ya ba ni. Na rataye shi a yatsa na buga, ya ce tuf.

"Wannan muryar da kuke so, tsaga ce."

Thamer ya karɓa ya jujjuya shi a hasken ƙofa. "Ba tsaga, Baba. Duba, sumul yake. Kuma ya yi minti huɗu bai yi komai ba. Kai dai tun muna yara ko keke muka hau sai ka ga asibiti."

"Ba ka ga alli a jikinsu ba?"

"Na goge, na ɗauka lambar sito ce."

Na ɗauko guduma daga kan teburinsu, na ajiye dutsen a ƙasa. Ban ma ɗaga hannu sosai ba, na ɗan taɓa shi ya rabe biyu. Na ɗaga ɓarin na nuna musu. Inda ya karye yanzu fari ne tas, amma bai fi faɗin yatsa biyu ba. Sauran duk ya yi duhu, ƙura da mai sun daɗe da shiga. Wannan ɗan farin ne kawai ke riƙe da shi.

Nuha ta dubi ɓarin, ta dubi wurin da take tsaye ɗazu, ta ajiye rodin a hankali. Thamer ya fita waje, na ji yana amai a gefen mota.

"Laifina ne," na ce. "Ni ya kamata in fasa su tun ranar."

Na fasa sauran shidan ɗaya bayan ɗaya, kafaɗar na yi mini zugi. Mazen ya miƙa hannu zai kunna na'urar naɗa, ya tuna ba wuta, ya kuma ga idona, ya janye.

Na ɗauka shi ke nan za mu tafi gida. Muka yi salla, na kira Mastura na ce kowa lafiya. Sai Nuha ta je kusurwa ta ɗauko wasu duwatsu biyu sababbi a kwalinsu. Ta ce sun saya tun farko, suka ajiye don muryarsu ta yi tsabta da yawa.

"Gwada mana waɗannan, Baba."

"Nuha, halas. Ya isa haka."

"In na tafi gida yanzu ba zan ƙara iya tsayawa gaban inji ba, na san kaina. Kuma saura mako biyu mu hau dandamali." Ta miƙo mini sukundireba. "In ka ce a'a, zan dawo ranar da kake wurin aiki. Gara kana nan."

Na san ba barazana take yi ba, gaskiya take faɗa mini. Na karɓa na buga na farko, ya yi amo mai tsawo. Na juya shi na sake bugawa ta kowane gefe. Ni na ɗaura shi da hannuna, na mayar da murfin kariya, Mazen na gunaguni cewa zai cinye rabin sautin. Na ce ya cinye duka. Na mayar da wuta, na sa kowa ya koma gefe, muka bar injin ya yi gudu shi kaɗai minti biyu. Na nuna wa Nuha inda za ta sa ƙafa, a karkace, ba a saitin dutse ba, na sauko mata da tabarau kan idonta.

Thamer ya ce in zauna a waje in huta, na ƙi. Na tsaya jikin makunnin injin na ɗora yatsa a kansa. Mazen ya ɗaga hannu, Nuha ta matso da rodin, tartsatsi ya tashi. Waƙar minti goma sha ɗaya ce, sun gaya mini daga baya. Ban ji ko kaɗan daga cikinta ba, bakin murfin kawai nake kallo, kuma ban ɗauke yatsana ba sai da dutsen ya tsaya cak.